Rabon Daidai da Giɓin Karatu: Abin da Makarantun Watari Ke Bukata

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin wannan kuɗi ana raba shi daidai-wa-daida tsakanin jihohi 36 da Abuja, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Ke nan Kano mai ƙananan hukumomi 44 kasonta ɗaya da Bayelsa mai guda 8. Mun daɗe muna kuka da wannan tsari, kuma muna da gaskiya. Sai dai idan kuɗin ya iso gida, tunanin da ake rabon da shi bai canza ba: kowace mazaɓa a ba ta ajujuwanta, kowane yanki a ba shi bencinansa. Hujjar wannan maƙala ita ce makarantar da ɗalibanta suka fi shan wuya kafin su iya karatu ta cancanci ƙarin kuɗi kowace shekara, a rubuce cikin doka, kuma a kashe shi a kan koyarwa. Zan auna hujjar da ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Watari a ƙaramar hukumar Bagwai.

An gina dam ɗin ne a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma buɗe wa yankin noman rani: shinkafa, tumatir, albasa, masara. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa inda ake noma sau biyu a shekara yara sun fi samun damar karatu. Ga mai fili a bakin ruwa, wataƙila haka ne. Ga gidan da ke rayuwa da ƙwadago, lissafin daban ne. A ƙauyen da damina kaɗai ake noma, aikin yaro yana da lokacinsa, ya wuce. A Watari aikin ba ya yankewa. Idan shinkafa ta fitar da kai, sai an samu mai korar tsuntsaye tun hantsi. Idan tumatir ya nuna, sai an tsinke shi a ranar, a cika kwanduna kafin mota ta tashi. Yarinya kuwa tana da tallan abinci ga ma'aikatan gona, kuma daga cinikin ne uwa ke tara kayan ɗaki. Duk ranar da irin wannan yaro ya zauna a aji, gidansu ya yi asarar kuɗi na zahiri. Don haka kalmar "kyauta" a manufar ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a 2019 ba ta da nauyi ɗaya ga ɗan ma'aikaci a Tarauni da ɗan ɗan ƙwadago a Bagwai. Ga kuma hanya. Wasu ƙauyukan ruwa ne tsakaninsu da gari, abin da hatsarin kwale-kwalen ƙarshen Nuwamba 2021 ya tuna wa kowa, lokacin da aka rasa mutane sama da 20 daga ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙan su.

Akwai wani ɓangare na soke kuɗin makaranta da ba a cika tattaunawa ba. 'Yan kuɗaɗen da iyaye ke biya su ne kuɗin alli da rajista da gyaran ƙofa. Idan an soke su, dole gwamnati ta maye gurbinsu a kan kari. Duk lokacin da aka samu jinkiri, makarantar birni tana da tsofaffin ɗalibai da attajiran unguwa da za ta jingina da su. Ta ƙauye ba ta da su. Manufar da aka yi domin talaka tana iya faɗaɗa giɓin idan ba a haɗa ta da rabo mai la'akari da bukata ba.

Wasu ƙasashe sun gwada. A Ingila, tun Afrilun 2011 gwamnati ke ba makaranta ƙarin kuɗi a kan kowane ɗalibin da talaucin gidansu ya sa yake cin abincin makaranta kyauta. An fara da fam 430 a shekara, yanzu na ɗan firamare ya haura fam 1,400, kuma wajibi ne makaranta ta wallafa yadda ta kashe. Giɓin ya ragu a hankali na wasu shekaru, sannan annobar korona ta mayar da hannun agogo baya. Tsarin ya dogara ne da rajistar da ta san halin kowane gida, abin da zai yi wuya a kafa a Bagwai, inda tsakanin mai hali da marar hali sau da yawa buhu biyar ne na shinkafa. Afirka ta Kudu ta fi kusa da mu: ta kasa makarantu gida 5 gwargwadon talaucin al'ummar da ke kewaye da su, na ƙasa suna samun kaso mafi tsoka. Makaranta ake aunawa, ba a tsayar da yaro gaban 'yan ajinsu a kira shi matalauci ba. Wannan ya fi dacewa da al'adar da ta ɗauki rufin asiri da muhimmanci.

Mu ma ba baƙi ba ne ga tura kuɗi kai tsaye. Shirin NIPEP da ya fara a 2015 a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina da Sakkwato ya zuba tallafi a asusun kwamitocin kula da makarantu. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohi 7 na farko, yana yin haka a sakandare, tare da tallafa wa iyayen 'yan mata. Aibinsu ɗaya ne: shirye-shirye ne masu wa'adi, kuɗinsu na waje. Shugaban makaranta ba zai iya ɗaukar alkawarin shekara uku da kuɗin da bai san ko zai sake gani ba.

A kan me za a kashe? A nan nake sa ran saɓani da masu ganin gini shi ne komai. Tun da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, ilimi ke ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin jihar, kuma gyaran ajujuwa wajibi ne. Ba wanda zai so yaro ya zauna ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Amma, na farko, giɓin da ke tsakanin ɗan ƙauye da ɗan birni a wajen malami yake. Malamin da aka tura ƙauye yana zaune a Bichi ko a Kano, kuɗin mota na cinye albashinsa, zai zo kwana uku ya nemi canji. Alawus na musamman da ɗakin kwana a ƙauyen sun fi sabon fenti amfani ga ɗan aji uku. Na biyu, darasin cike gurbi. Shirin KaLMA da aka gwada a Dawakin Tofa da Wudil ya kasa ɗaliban manyan ajujuwan firamare bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ba, ya fara koya musu karatu da Hausa. Irin wannan ne maganin yaron da kaka da rani suka raba da aji na makonni: idan ya dawo, akwai rukunin da zai ɗora daga inda ya tsaya.

Za a ce kuɗin zai zurare. Fargabar tana da tushe, amma kuɗin kwangilar da ake rabawa daga hedikwata ya fi sauƙin ɓacewa fiye da wanda aka liƙa adadinsa a bangon makaranta, mai unguwa da liman da wakiliyar iyaye mata suka sa hannu kafin a cire. Za a kuma ce idan rashin ƙoƙari ne ke jawo ƙarin kuɗi, wasu za su gwammace ɗalibansu su ci gaba da faɗuwa. Saboda haka bai kamata sakamakon jarrabawa ya shiga ma'aunin rabo ba. A auna abin da shugaban makaranta ba zai iya sauyawa ba: nisa daga titi, yawan yara a kan kowane malami, da talaucin mazaɓar. Iya karatun 'yan aji uku kuwa a gwada shi farkon shekara da ƙarshenta, domin a san ko kuɗin ya yi aiki. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, tana iya fara gwajin da makarantun firamare na Bagwai na tsawon shekara uku, Majalisar Dokokin jiha ta sa masa layi nasa a kasafi, a kwatanta sakamakon da na Shanono da Tsanyawa kafin a faɗaɗa.