Magungunan Gargajiya da Lafiyar Hanta ga Masu Ciwon Sukari

Ciwon sukari, musamman wanda ke kama manya, yakan zo tare da taruwar kitse a hanta, kuma mai shi ba ya jin komai sai abin ya yi nisa.

A karkara an fi dogara da zogale, shuwaka, garafuni da darbejiya. Binciken da ya nuna zogale da shuwaka na kare hanta, akasarinsa a kan ɓeraye aka yi. Cin su a kwaɗo ko miya ba laifi. Matsalar ita ce jiƙo mai kauri da ake sha ba awo, domin hantar ce ke tace shi, kuma yana iya raunata ta. Haɗa shi da ƙwayoyin asibiti na iya sa sukari ya faɗi ƙasa ainun. Man darbejiya kuwa guba ne ga yara.

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni su faɗakar da jama'a kada su daina maganin asibiti, su kuma sanar da ma'aikacin lafiya duk abin da suke sha. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaidar warkarwa ba ce. Rage ƙiba da guje wa gyaɗa ko masara mai fumfuna na kare hanta. Wanda idanunsa suka koma ruwan ɗorawa ya garzaya asibiti.