Algaita, hunturu da muhawarar Sifawa

Wanda ya bar Sakkwato ya nufi Shagari, sai ya ratsa ƙasar Boɗinga. A nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna tun wajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga. A wannan ƙasa aka yi muhawara mai zafi kan busa da kiɗa.

Kafin jihadi, kayan busa alamar mulki ne. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Algaita kuwa, sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, daga ƙasashen Magrib ta ƙetaro Sahara. Saboda haka masu jihadi suka ɗauke su a matsayin adon sarakunan da suka yaƙa. A littafinsa Misbahu na 1808, Shehu ya tsananta hukunci a kansu. A Najmul Ikhwan na 1812 ya sassauta, yana nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan mas'alar. Abdullahi bai gamsu da wannan sassauci ba. Duk da haka, algaita da kakaki suka koma ƙofar fada, suna nan har yau.

Amma fatawa kaɗai ba ta riƙe algaita. Jikinta itace ne da aka lulluɓe da fata, a samansa bututun ƙarfe, a bakinsa ɗan kara mai leɓe biyu. Mabushi yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci ba tare da ya katse busa ba. In iska ta sami kafar zurarewa a wata mahaɗa, sautin ya dushe, wahalarsa ta ninku. Hunturu ne babban abokin gaba, domin yana busar da itace har ya tsage. Fatar nan tana taimakawa wajen toshe tsaga, karan kuma sai an jiƙa shi kafin ya yi amo.

Haka lamarin yake ga hamonika, wadda kamfanin Hohner ya fara ƙerawa a Jamus a 1857. Mai ciki na katako, in aka tsoma ta a ruwa don wanki, katakon ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, iska ta riƙa fita ta gefe. Shi ya sa masana ke goge ta kawai.

Bambancin shi ne, hamonika tana da masana'anta da littafin gyara. Ilimin algaita a hannun gidajen mabusa yake, ɗa yana koya daga uba. Duk gidan da ya rasa magaji, da shi ake rasa yadda ake zaɓen kara da ɗinkin fata.