Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana: Kusugu da Rayuwar Yau da Kullum a Daura

A tsakiyar birnin Daura, ba nisa da fadar Sarki, akwai rijiyar da kusan duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san sunanta, ko da bai taɓa taka Jihar Katsina ba. An gina mata ɗaki, akwai mai kula da ita, ga guga ga igiya. Ɗalibai kan ciko motoci daga garuruwa na nesa su zo su leƙa, su ja ruwa su sha, su ɗauki hoto. Mu kuwa da muke kwana muna tashi a garin, sau da yawa sai mun yi baƙo sannan hanya take bi da mu ta ƙofar Kusugu.

Duk lokacin da aka ɗauko zancenta a dandalin sada zumunta, tambaya ɗaya ce ke cinye hirar: shin da gaske an yi Bayajidda, ko ƙirƙira ce? Tambaya ce mai kyau, masana kuma sun daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Amma akwai wadda ta fi kusa da rayuwarmu: me ya riƙe wannan labari har ya iso gare mu, alhali dubban labarai irinsa sun bi iska? Abin da tarihi ya nuna shi ne, labarin ya rayu ne saboda mutanen gari suna mu'amala da shi kullum, a bakin rijiya, a bakin tsohuwa, a bugun tambari da kuma kan doki.

Bari mu tuna yadda aka ba mu shi. An ce Bayajidda, ko Abu Yazidu, ya taso daga Bagadaza ya sauka Borno, ya auri Magira 'yar Mai. Da ya ga ana shirya masa makirci sai ya gudo yamma, ya bar matarsa da juna biyu a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa babu, domin macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya ari guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sha ya shayar da dokinsa. Da gari ya waye aka gano wanda ya yi aikin, Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta yake so. Daga Bagwariya, kuyangar da aka ba shi, ya sami Karɓagari. Daga Daurama ya sami Bawo, wanda 'ya'yansa shida suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, Hausa Bakwai sun cika.

Wanda ya saurari labarin da kunnen basira zai lura da abubuwa biyu. Na farko, baƙon bai tarar da daji ba. Ya tarar da gari mai rijiya da fada da sarauniya, ya kuma baro maƙera a Gaya suna sana'arsu. Jerin sarautar Daura ya lissafa mata da dama da suka yi mulki kafin zuwansa, tun daga Kufuru, ana kuma danganta farkon zamansu da Tsohon Birni kafin a dawo inda garin yake yanzu. Ashe labarin da kansa bai ce Bayajidda ne mafarin Hausawa ba. Abin da ya bayyana shi ne sauyin tsarin mulki daga hannun magajiyoyi zuwa hannun sarakuna maza. Na biyu, ƙashin bayan labarin ruwa ne. Gari guda yana jiran kwana bakwai kafin ya cika tulu. Duk wanda ya ga layin jarkoki a bakin burtsatse cikin bazara, ko ya jira ɗan garuwa da kurarsa har rana ta take, ba ya bukatar a fassara masa dalilin da zai sa a ba mutum rabin gari a kan rijiya.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan labari ba. Littafin Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a ƙarni na 17, ya kawo labarin wani baƙo daga Yaman da ya kashe wani kifi da mutanen Kukiya ke bauta wa, suka naɗa shi sarki, daga gare shi aka sami gidan sarautar Songai na farko. Soninke na tsohuwar daular Gana kuma suna da macijinsu mai suna Bida, wanda ake ba budurwa duk shekara. Sai dai a can, da wani saurayi ya kashe shi, fari ne ya biyo baya, daula ta watse. Maciji ɗaya, takobi ɗaya, amma darasi ya bambanta: Soninke sun yi amfani da nasu wajen bayyana rushewa, Daurawa sun yi amfani da nasu wajen bayyana kafuwa da zumunci. Shi ya sa ma aka raba wa jikokin Bayajidda ayyuka, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Taswirar tattalin arziki ce aka zuba cikin labarin iyali guda don kowa ya iya riƙe ta a ka.

Da labarin ya shiga takarda, sai kowane alƙalami ya ja shi wajensa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ambaci Bawo a matsayin bawan Sarkin Borno, abin da ba zai rasa nasaba da taƙaddamar da ke tsakanin Sakkwato da Borno a lokacin ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya rubuta abin da ya ji game da Hausa Bakwai da Banza Bakwai. A 1910 E. J. Arnett ya buga fassarar wani rubutu mai suna Daura Makas Sarki, sannan H. R. Palmer ya kawo nasa a littafin Sudanese Memoirs na 1928. Palmer da wasu bayansa sun yi ƙoƙarin haɗa Bayajidda da Abu Yazid, ɗan tawayen Barbar da ya yaƙi Faɗimawa a ƙasar Tunisiya ta yau, aka kashe shi a shekarar 947. Wannan fassara ta yi daidai da tunanin 'yan mulkin mallaka, wanda ke ganin duk wani tsarin mulki a Afirka daga waje aka shigo da shi.

Masanan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne suka taka wa wannan tunani birki. Abdullahi Smith, a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya nuna cewa birane sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, a wuraren da ke da ruwa da tama da ƙasar noma da hanyoyin fatauci. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya ƙara matsa lamba, yana gargaɗin kada a ɗauki labarin Bayajidda a matsayin rahoton abin da ya faru. Abin sha'awa, a yau akwai kwaleji a Daura mai ɗauke da sunan Bala Usman, a gari ɗaya da rijiyar. Babu wanda ya kori wani.

To me ya sa Daura ta riƙe labarin fiye da sauran 'yan uwanta? Amsar tana cikin abin da ya faru bayan jihadi. A wajajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi garin da tutar Shehu, Sarki Abdu da jama'arsa suka fice. Zuriyarsa ta kafa sarautu a Zango da Baure, suka shafe kusan shekara 100 a wajen ganuwar kakanninsu. Mutumin da aka raba da garinsa ba shi da abin da ya fi labarin asalinsa daraja. Jerin sunayen sarakuna, kirarin fada, muƙamai irin su Magajiya da Galadima da Ƙaura, duk sun yi gudun hijira tare da su. A farkon mulkin Turawa aka dawo da Malam Musa daga Zango aka naɗa shi Sarkin Daura, abin da bai faru ba a Kano ko Katsina ko Zazzau, inda tsoffin gidajen Haɓe ba su koma karaga ba. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi. M. G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

Wannan dawowa ce ta sa tarihi a Daura bai tsaya a littafi ba. Idan Sallah ta zo aka yi Hawan Magajiya, sunan hawan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa mata sun riƙe garin nan. Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama aka yi Sallar Gani, hakimai daga Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa sukan shigo da dawakinsu, tambari da kakaki da algaita su cika gari. Kowane doki da ya wuce kuwa, kasuwa ce guda take tafiya: dukawa ne suka yi sirdi da jalala, maƙera suka yi linzami da likkafa, maɗinka suka yi aska takwas a wuyan babbar riga, marina suka turo rawani mai baƙin shuni. Hawa na kwana biyu yana ciyar da sana'o'in da ake yi duk shekara. Haka ma waƙa. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi wa Sarki Muhammadu Bashar waƙar da har gobe ake ji a rediyo da wayoyin direbobi, kuma da ya rasu a watan Yunin 1999, a Daura aka binne shi. Wanda ya ɗaga kai a cikin tsohon zaure ya ga yadda magina suka lanƙwasa azara da ƙasa suka haɗa rufi, ya tambayi sunan wannan gini, za a ce masa ɗaurin guga. Har a rufin ɗaki rijiya ta bar sunanta.

Yanzu labarin ya shiga sabon gida, wato waya. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ɗabi'a da ta dace da wannan zance. Ba ma ajiye kwafin ƙarshe na aiki kaɗai. Muna adana kowane sauyi, da wanda ya yi shi, da ranar da ya yi, da dalilinsa, domin idan abu ya lalace a nan ake gano bakin zaren. Intanet kuwa akasin haka take yi wa Kusugu. Ka bincika sunan, sakin layi ɗaya za ka yi ta gani ana kwafa daga shafi zuwa shafi, galibi daga fassarar Turanci ta zamanin Palmer. Alhali a bakin mutane labarin yana da rassa. Wani ya ce wuƙa, wani ya ce takobi. Wani ya kira tsohuwar Ayana, wani ya ce Waira. Wani ya ce sunan baƙon daga "ba ya ji da" ya samo asali, don bai iya Hausa ba sa'ad da ya zo. Wasu sukan ƙara da cewa Galadima ya tsorata ya tsaya nesa, Ƙaura ne ya matsa ya taɓa gawar macijin, labarin da ke bayyana dalilin da ya sa Ƙaura ya zama jagoran yaƙi. Kowane reshe yana ɗauke da shaidar wanda ya faɗa da abin da ya dame shi. Idan kwafi ɗaya ya danne sauran, mun yi asarar abin da masanin tarihi ya fi bukata, mun kuma yi asarar daɗin hirar.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Abin farin ciki ne, kuma Daura ta cancanci irin wannan kulawa. Sai dai takardar shaida ba ta ɗinka sirdi, ba ta koya wa yaro busa algaita. Abin da ya riƙe Kusugu shekaru aru-aru bai wuce ƙananan abubuwa ba: kaka ta ba da labari bayan sallar isha'i, uba ya ɗora ɗansa a kafaɗa ranar hawa yana nuna masa wane ne Galadima wane ne Ƙaura, yara su fita tashe idan azumi ya kai goma, ango ya kai ɗinkin rigarsa wajen mai aikin hannu na unguwa, a kira masu kalangu ranar biki a biya su hakkinsu.

Wayar da ke hannunmu ma tana da rawar takawa. Duk wanda ke da tsoho a gida zai iya zama da shi ya naɗi labarin Kusugu yadda ya ji shi daga nasa iyayen, ya rubuta sunan unguwa da shekarar da aka naɗa, kada ya gyara masa don ya dace da na littafin makaranta. Idan gida 100 suka yi haka a masarautar nan, za mu sami taskar da babu irinta a kowane ɗakin karatu.

Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Kusugu ba ta daina bayarwa ba, ruwa na nan, labari na nan. Tsakaninta da yaran da ke tasowa, mu ne gugan. A labarin da aka ba mu, mutanen Daura sun yi murna ne ranar da suka daina jiran Juma'a kafin su je rijiya. Ba zai yi kyau a ce jikokinsu sun koma jiran ranar Sallah ko zuwan baƙo ba.