Jadawalin Da Ya Tona Asirin Gubar Dalma

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, ko kun tuna yadda mu 'yan Gusau da Tsafe da Bungudu muke gunaguni in an shiga darasin ƙididdiga, muna cewa ina amfanin wannan lissafi? To, ga amsa daga tarihin jiharmu.

A watan Maris na 2010, ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa tana bin diddigin sanƙarau a Zamfara, sai ta tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya kama jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, amma shiru. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma. Saura tambaya: wane yaro ne ya fi shiga haɗari?

A watan Mayu, masana daga Amurka da ma'aikatan lafiya na gida suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu. Aka zuba bayanan cikin jadawali: shekarun yaro, ruwan da gidansu ke sha, yawan dalma a ƙasar tsakar gida, da ko mahaifiyarsa na sarrafa dutsen zinari.

A nan lissafin yiwuwa ya yi aikinsa. Ai ko kwabo ka jefa sau goma, ba lalle ya raba biyar-biyar ba. Don haka ba kowane bambanci a jadawali ne hujja ba. Masani kan tambaya: da a ce babu alaƙa, sau nawa irin wannan tazara za ta faru bisa katsaham? In bai kai biyar cikin ɗari ba, sai a zurfafa bincike. Baturen Ingila Karl Pearson ya fito da irin wannan awo tun 1900.

Lissafi ya nuna 'ya'yan mata masu sarrafa dutse, da yaran gidajen da dalma ta yi yawa a ƙasarsu, sun fi mutuwa. Aka kankare gurɓatacciyar ƙasa, aka ba yara magani. Duk da haka, an yi asarar yara kimanin 400.

Mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu gwiwa kan lissafi, mu kuma gode wa malamanmu. Allah Ya kiyaye gaba.