Ruwan da Ya Ƙi Tafiya: Tarihin Ƙasar Noma a Dausayin Haɗeja

Bahaushe na kiran ruwa abokin aiki, kuma duk wanda ya san zafin fari ba zai musa ba. Amma a tarihin dausayin Haɗeja da Nguru na ga wani darasi da ba a cika faɗa ba: albarkar fadama tana cikin zuwan ruwa, tana kuma cikin tafiyarsa. Ranar da ruwa ya zo ya ƙi tafiya, ranar ce ƙasa ke fara mutuwa.

Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara gabas ya sadu da kogin Jama'are a wani shimfiɗaɗɗen kwari, daga nan su bi ta Gashuwa da sunan Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Shekaru aru-aru wannan kwari yana da tsarinsa. A tsakiyar damina koguna su cika su malala, su shimfiɗa sabuwar laka a gonaki, shinkafa ta tashi cikin ruwa, kifi ya hayayyafa. Da kaka ruwan ya janye, manomi ya bi sawunsa ya shuka wake a kan danshin da ya bari. Da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage, makiyaya su sauko da shanu. Manomi da masunci da makiyayi kowa yana da lokacinsa a fili ɗaya.

Hikimar wannan tsari tana ƙarƙashin ƙasa. Tsakanin ƙwayoyin turɓaya akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama, kuma daga nan saiwar shuka ke numfashi. Idan ruwa ya kwanta ya cike ƙofofin nan, saiwa ta shaƙe, ta kasa jan abinci, ta fara ruɓewa. Sai ka ga ganye ya yi ɗorawa ya yi yaushi alhali gindin yana tsundum cikin ruwa. Gero da wake ba su jure haka ko na 'yan kwanaki. Shinkafa kuwa tana da hanyoyin iska a cikin kararta da ke kai numfashi har saiwa, shi ya sa take rayuwa inda wasu ke halaka. Kakanninmu sun san wannan a aikace: suka ba gero jigawa, suka ba shinkafa fadama, suka ɗaga kunya don saiwa ta tsere wa ruwan da ke kwanciya a kwari.

Sai farin farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sannan a 1992 aka kammala madatsar Challawa. Niyyar ta alheri ce, amfaninta kuma a fili yake: birnin Kano ya sami ruwan sha, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, tumatir da alkama da shinkafa suka wadata.

Sai dai zuma ga zaƙi ga harbi. Madatsun sun rage ƙarfin ambaliyar damina wadda a da take wanke hanyoyin ruwa, sannan suka riƙa sakin ruwa da rani, lokacin da kwarin ya saba bushewa. Yashi da laka suka taru a cikin koguna. Ciyawar kachala, wadda ita ma ke da hanyoyin iska irin na shinkafa, a da bushewar rani ce ke taka mata birki. Da ta sami ruwa shekara zagaye, sai ta bazu ta toshe magudanai. Ruwan da aka tare wa hanya ya karkata ta mashigar Marma zuwa Nguru, ya kwanta a gonakin Guri da Kirikasamma, yayin da mutanen da ke can ƙasa wajen Gashuwa ke neman sa ido rufe. Kachalar kuma ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki, masu cinye ɗan abin da ya tsira.

Ko a gonakin noman rani matsalar ba ta bar manomi ba. Inda aka yawaita ban-ruwa aka bar magudanai suka cushe, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso kusa da saiwa. Rana ta busar da shi, ya bar farin gishiri kamar kanwa a fuskar gona, amfani ya ragu shekara bayan shekara.

A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma suna ba ya yashe magudana. Al'ummomin yankin sun sha fitowa aikin gayya da lauje da kwalekwale suna sare kachala, ita kuwa tana sake tohowa muddin ruwan bai janye ba.

A ganina, abin da wannan tarihi ke koya mana shi ne, duk mai shirin kawo ruwa gona ya fara tanadar masa hanyar fita. Yashe magudanai, da tsara sakin ruwan madatsu yadda zai kwaikwayi damina da rani, su ne hakkin da kwarin Haɗeja ke bin mu. Ƙasa ma mai numfashi ce, kuma gonar da aka hana numfashi ba za ta ciyar da mai ita ba.