Wasan Motsa Jiki a Gasar Hakaton: Abin da Kwana Biyu Ba Sa Aunawa

Gasar hakaton, wadda aka fara jin sunanta a 1999, tana tara masu rubuta manhaja a wuri ɗaya, galibi na awa 24 zuwa 48, a ce su fito da abin da ke aiki. Wasan motsa jiki na waya yana da farin jini a irin wannan zama saboda daɗin nunawa: mutum ya ɗaura agogo a hannu ya yi tsalle, ɗan wasan da ke cikin waya ma ya yi tsalle, ɗaki ya ɗauki tafi.

Wahalar tana cikin agogon. Na'urar auna motsi da ke cikinsa ba ta san taku ba. Lambobi kawai take turowa ta Bluetooth, sau da yawa a kowace daƙiƙa, masu nuna ƙarfin motsin hannu ta fuskoki uku. Mai rubuta manhaja ne zai koya wa waya bambanta gudu da kaɗa hannu, in ba haka ba wanda ke kishingiɗe a kujera zai cinye wasan. Bugun zuciya ya fi haka wuya. Koren hasken da ke bayan agogo yana karanta kai-komon jini a ƙarƙashin fata, amma da agogon ya yi sako-sako ko hannu ya shiga lilo sai karatun ya rikice, wato daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ga shi zuciya ba ta ɗagawa nan take, sai an ɗan jima ana gudu. Wasan da ya rataya maki a kan bugun zuciya zai riƙa saka wa mai wasa a makare.

Duk wannan, ƙungiya mai himma za ta iya rage shi kafin gari ya waye. Abin da ya fi damuna daban ne: ko mai wasa zai ɗore da motsa jikin. Wasan Pokémon Go ya fito a Yulin 2016, kuma binciken da mujallar BMJ ta buga a ƙarshen shekarar ya gano cewa masu wasan a Amurka sun ƙara taku kimanin 955 a rana a makon farko, amma zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace. Wasan Zombies, Run! na 2012 ya bi wata hanya: labari ne babi-babi da ake saurara ana cikin gudu, son jin ci gabansa ne ke sake fito da mutum gobe. Irin wannan dabara ba ta bayyana a nunin 'yan mintoci a gaban alƙalai, shi ya sa masu gasa ke barin ta sai ƙarshe, ko su manta da ita. A ganina ya kamata alƙalai su tambayi kowace ƙungiya me ta tanadar wa mai wasa a mako na shida, su kuma ba amsar maki daidai da na tsallen da aka yi a gabansu.