Zangon Lome: Yadda Fatake Suka Yi Yamma Har Bakin Teku

Zangon Lome unguwa ce ta Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Lome, babban birnin Togo. Mutanen gari na kiranta Zongo. Asalin kalmar zango ce, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana, da asuba a sake ɗora wa jakuna mangala. A Lome kwanan ya zarce shekara ɗari.

Goro ne mafarin labarin. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 fatake na zuwa Gwanja, amma a ƙarni na 19 hanyar ta bunƙasa. Ayari kan tashi daga Kano da rani, ya bi ta Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har ya sauka Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Madugu ke riƙe da ayari, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Jagaba na gaba yana neman masauki da ruwa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci. Sukan tafi da kanwa da turkuɗi da jar fata, su komo da goro. Goro kuwa kaya ne mai son reno. Ana jera shi cikin huhu tsakanin ɗanyen ganye, ana yayyafa masa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya shafi 'yan uwansa. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Akwai mata cikin ayarin, akwai malamai da almajiransu, kuma ba kowa ke komawa gida ba. Wani rashin lafiya ya tsayar da shi, wani bashi, wani aure. Da irin waɗannan aka kafa zangunan da ke jere a hanyar.

Abu biyu suka karya Salaga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, babban birnin Asante, ikon Asante ya yi rauni a arewa, goro ya daina isa kasuwar kamar da. A 1892 kuma yaƙin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen Gwanja, garin ya watse. Fatake suka bazu zuwa Kintampo da Yeji da Kete-Krachi, wasu suka gangara har teku.

Rayuwar Alhaji Umaru ta isa misali. An haife shi a Kano a 1858, ɗan falke ne, ya yi karatu mai zurfi, ya zauna Salaga. Bayan rushewarta ya koma Kete-Krachi a 1896, lokacin garin na hannun Jamus, ya zama limami. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihin ƙasar Hausa da ajami. Ya rasu a 1934. Abin da ke taɓa zuciya shi ne, wani kaso mai tsoka na abin da muka sani game da zaman Hausawa na wancan zamani, mutumin da ya ƙare kwanansa nesa da gida ne ya adana mana shi.

Lome ta fara tasowa wajen 1880, da 'yan kasuwar da ke kauce wa harajin kwastan na Ingila a gaɓar Gwalkwas (Gana ta yau), kuma akwai Hausawa cikin baƙin farko. Jamus ta kafa ikonta a Togo a 1884, ta mai da Lome hedkwata a 1897, ta gina gadar sauke kayan jirgin ruwa a 1904, sannan ta shimfiɗa layin dogo zuwa Aneho da Kpalime da Atakpame. Ta kuma ɗauki Hausawa da dama cikin dakarunta. Jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka rage wa jaki aiki. A wannan zamanin ne attajirin Kano Alhassan Dantata ya riƙa tura goro daga Ankara (Accra) zuwa Ikko ta teku.

Ginshiƙin zango shi ne maigida. Baƙo ya iso da shanu ko goro daga Nijar ko arewacin Najeriya, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni idan cinikin bashi ne, ya karɓi la'ada. Yaransa ke kai komo tsakanin unguwa da Asigame, babbar kasuwar Lome, wadda sunanta ma a harshen mutanen wurin ke nufin babbar kasuwa. Zabarmawa da Fulani da Kotokoli da Mosi duk sun zauna a zangon, Hausa ce harshen da ya haɗa su, masallaci ne majalisarsu. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya yi littafi kan waɗannan 'yan kasuwa a 1983.

Duk da wannan daɗewa, hukuma ba ta daina yi wa zango kallon masaukin baƙi ba. Birni na faɗaɗa, ana matsar da shi gaba. Tashin da ya fi ciwo shi ne na 1977, zamanin Janar Eyadema, lokacin da aka rushe unguwar da ke tsakiyar gari aka kwashe mutanenta zuwa wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni, kan hanyar Atakpame. An raba dillali da kasuwarsa, an raba tsoho da masallacin da ya saba, alhali da yawansu a Lome aka yanke musu cibiya. Sabon wurin kwari ne kusa da kogin Zio, ambaliya kan shiga gidaje da damina.

A can suka sake gina masallatai da makarantun allo. Yau birni ya riske su, ana kiran yankin Agoe-Zongo, kuma daga can 'yan kasuwarsu ke sammako zuwa Asigame, wadda gobara ta cinye babban gininta a watan Janairu na 2013.